Na Tafi Ɗauko Sabi'u

Tun ranar da na dawo daga ƙasar Maraɗi ban samu na ɗinka riga guda na gama ba tare da wani ya leƙo shago ya ce, "Mamman Tela, wai me ka gano ne a makarantar Kiristocin nan?" In na fara ba da labari, kafin in kai tsakiya wani ya shigo ya ce a koma farko. Ga Babbar Sallah ta matso, ga yadin mutane jibge har bakin ƙofa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi da ɗan bokon da nake da shi. Wanda ya tambaya in miƙa masa ya karanta, ni kuma in ci gaba da taka kekena.

Wanda bai san asalin maganar ba, ga ta. Ƙanwata Hajara, Allah ya jiƙanta, ta auri wani manomi mai suna Illo, mutumin wani ƙauye gaba da Maraɗi. Ɗa guda ta bari, Sabi'u. Bayan rasuwarta ciwon kuturta ya bayyana a jikin Illo, ya tafi asibitin mishan da ke can, aka daɗe ana yi masa magani har ciwon ya mutu, amma ya tafi da yatsunsa. Bai koma ƙauyensu ba. Ya zauna a wata unguwa da masu irin lalurarsa suka kafa kusa da asibitin. Mutanen mishan ɗin suna da makarantar kwana ta yara maza, suka karɓi Sabi'u. Ni tun farko ban so ba. Na aika a ba ni yaron in riƙe, Illo ya ce shi kaɗai ya rage masa a duniya, na haƙura.

Wata ranar kasuwar Jibiya sai ga Lawal direba, wanda ke jigilar kaya tsakanin nan da Maraɗi, ya tsaya a ƙofar shagona, ko zama bai yi ba.

"Mamman, saƙo gare ni daga surukinka. Ɗan ƙanwarka ya karya wa wani yaro hannu a makaranta. Kuma ɗan fasto ne. An ce a zo da babban mutum ranar Litinin za a yi shari'a. Illo ya ce shi ba zai iya tsayawa gaban taro ba."

Na ɗaga ƙafa daga kan keke. Ku duba lamarin yadda na dube shi a ranar: maraya, Musulmi, ɗan kuturu, ya karya hannun ɗan fasto, a makarantarsu, a ƙasar da ba tawa ba. Na ce a raina in ma ba su kai shi gidan kaso ba, to bayansa ya gama shan bulala. Nan take na yanke shawara. Zan je in ba su haƙuri, in ɗauko yarona, in sa shi a makarantar gwamnati a nan Jibiya tunda bana ilimi kyauta ne, in an tashi ya zauna kusa da ni ya koyi ɗinki.

Ranar Lahadi da safe na hau motar Lawal. Kun san yadda motocinmu ke tafiya arewa yanzu tun da kuɗin man fetur ya buɗe: katifu, bokitan roba, kwanon rufi, akwatunan rediyo, har da wani babur sabo fil da aka ɗaure da igiya kamar saniya. A saman duk wannan aka ɗora mu, mu fasinja. Kusa da ni wata tsohuwa ce 'yar Maraɗi da ta zo ganin jikokinta, tana riƙe da ƙwaryar daddawa kamar jariri. A bayana kuma wani ya ɗaure rago. Ina ta saƙe-saƙen abin da zan faɗa wa Kiristocin nan, ban ankara ba ashe ragon ya kama gefen babbar rigata yana tauna. Tsohuwar ce ta gani.

"Malam, abokin tahiyarka na cin rigarka."

Kafin in fizge ya yi mata ɓaraka da hannu zai shige. Rigar da na zaɓa musamman don in tsaya gaban shari'a da ita! Mai ragon ya ce in yi haƙuri, dabbar ba ta karya ba. Duk motar aka yi ta dariya, har da ni, don ba yadda zan yi.

A shingenmu na kan iyaka ba a daɗe ba, sun san Lawal. A shingen wancan ɓangare ne aka sauke mu aka ce kowa ya kwance ƙunshinsa. Wani jandarma dogo, siriri, da hularsa mai baki, ya buɗe jakata ya ga almakashi, allura, zare, da ɗan yadin kaki da na riƙo wa Sabi'u.

"Fatauci ka zo?"

Na ce a'a, tela ne ni, zumunci zan je.

Ya dube ni, ya dubi ɓarakar rigata, ya ce, "Tela? Da wagga riga?"

Na nuna masa ragon. Ya yi dariya har ya dafa gwiwa, ya ce in ɗaure kayana in wuce. Na juya ke nan sai ya kira ni a hankali, ya rage murya, ya ce ko zan taimake shi. Ashe tun safe wandonsa ya yage ta baya, shi ya sa duk binciken nan bai juya wa kowa baya ba. Ya shiga bukka ya miƙo wandon ta taga, na zauna a inuwa na ɗinke masa, na haɗa da rigata. Da za mu tashi ya kawo mini wani burodi dogo kamar sanda, mai ɓawo da tauri. Na gutsura sai da dasashina ya yi jini. Tsohuwar nan ta ce ba a cinsa haka, sai an tsoma a shayi.

Daga nan har Maraɗi abin da na fi lura da shi mutanen da ke tafiya kudu ne. Mu muna kai kaya, su suna tafiya da ƙafa, da 'yan ƙunshinsu a ka, samari majiya ƙarfi, za su neman aikin gini a Katsina da Kano. Farin da aka yi shekarun baya bai gama sakinsu ba. A tashar Maraɗi kowa ya ji daga Najeriya kake sai ya dube ka kamar aljihunka na zubar da kuɗi. Na ci shinkafa da wake a wurin wata mata, na yi Azahar, na samu wata akori-kura mai zuwa wajen asibitin mishan.

Da la'asar na isa gidan Illo. Na same shi zaune a kan tabarma, ya rame. Ya tashi zai gaishe ni, ya ɓoye hannayensa cikin riga yadda ya saba, na kamo su na riƙe. Maƙwabciyarsa ta kawo mana tuwon gero da miyar kuka. Illo yana da wani cokali da aka yi wa maɗauri na fata, yakan zura abin da ya rage na hannunsa a ciki ya ci abinci. Ya ci kaɗan ya ajiye.

Na ce, "Me ya haɗa su?"

"Ban sani ba. Yaron bai taɓa faɗa da kowa ba. Sun aiko in zo, amma Mamman, in na shiga wurin ga da hannuwan ga, ƙara mashi kunya zan yi."

Na gaya masa niyyata ta tafiya da yaron. Ya ce in dai korarsa za a yi, gara ya bi ni.

Washegari bayan Asuba na kama hanyar makarantar, ba nisa. Ba katanga, ba ƙofa, ba mai gadi. Dogayen ɗakuna ne na laka da rufin kwano, da itatuwan bedi, wato dogon yaro, a jere, da lambu a baya. Na tarar da yara ko'ina, wasu na shara, wasu na jan ruwa a rijiya, wasu na guje-guje kamar kowaɗanne yara. Sai wani ya bugi tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a itace. Bugu guda.

Jama'a, wallahi kowa ya tsaya inda yake. Mai tsintsiya ya tsaya a duƙe. Mai guga ya tsaya da igiya a hannu. Wani da ke tsakiyar dariya ya haɗiye ta. Wurin ya yi tsit har ina jin kukan kurciya. Ni ma da na ga haka sai na daskare a tsakiyar fili da jakata, ban san dalili ba. Aka sake bugawa, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa a ma'ajiyarsa, ya taka, ba gudu ba, ya shiga layi. Na duba ko'ina ina neman mai bulalar da suke tsoro haka. Ban ga kowa da ko tsinke ba.

Wani gajeren mutum mai furfura, da farar riga mai gajeren hannu, ya nufo ni. Shi ne shugaban makarantar, Mushe Yohanna. Mushe shi ne yadda suke kiran malamin boko a can. Bahaushe ne, Bagobiri, da tsagensa a fuska. Muryarsa ƙasa-ƙasa, sai ka matso kake ji.

"Kai ne kawun Sabi'u? Sannu da hanya. Shari'a sai an tashi karatu. Kahin nan kai baƙonmu ne, ka zaga ka ga inda ɗanka ke zaune."

Na tsaya a gefe ina kallon duban safe. Ana duba farce, haƙora, wuya, da maɓallan riga. Amma ba malamai ke dubawa ba. Kowane babban ɗalibi an ba shi ƙaramin ɗalibi guda a matsayin ƙane, shi zai tashe shi, ya ga ya yi wanka, ya ga ya ci abinci. In aka ga ƙaramin da datti, babban ake tambaya. Kuma kowane yaro yana da allura da zarensa. Wannan kam ya taɓa sana'ata. Na roƙa a bar ni in duba, na bi layi ina juya facin rigunansu. Kakin ya tsufa, wani ya koɗe har ya yi fari, amma ban ga maɓalli guda da ya ɓace ba, kuma wani ɗinkin hannun, in na ɗauki yaron aiki ba zan yi asara ba.

Na tuna makarantar bayan shagona a Jibiya, yadda bana aka cika ta har wasu azuzuwan a gindin itace suke, malami guda da yara kamar kasuwa, monita na zagayawa da tsumagiya, ihu tun safe har azahar. Ba laifin malamanmu ba ne, yawan ya fi ƙarfinsu. Amma na ga bambanci.

Bayan duba suka yi waƙar addininsu da Hausa, aka karanta littafinsu, aka yi addu'a. 'Ya'yan Musulmi suna tsaye a layi tare da kowa, ba sa waƙar, amma ba a yarda su yi motsi ko magana ba. Wannan ya tsaya mini a rai, na kuwa faɗa wa Mushe Yohanna ba tare da kwana-kwana ba.

Ya ce, "Ba ni ɓoye maka. Kowace sahiya muna karanta masu littahinmu, kuma muna so su so shi. Amma ba mu tilasta ma kowa. Zo ka gani."

Ya kai ni bayan ɗakunan kwana, inda aka share wani wuri aka jera duwatsu aka fitar da alƙibla. Ya ce duk yaron da ya ce zai je salla ana ba shi lokaci. Amma wanda ya ce salla zai je don ya guje wa aikin lambu, aka gan shi yana wasa, hukuncin maƙaryaci ake yi masa, kuma a wurinsu ba laifin da ya kai ƙarya. Ban ce hankalina ya kwanta duka ba. Har yau ina tunanin abin. Amma mutumin bai yaudare ni ba.

Akwai abin da ban so ba ko kaɗan. A cikin aji ba a yarda a yi Hausa ba, sai Faransanci. Wanda ya yi suɓul da baka, sai a rataya masa wani ƙashin jaki a wuya, ya yi ta yawo da shi har ya kama wani. Na ga wani ɗan ƙarami da shi yana tafiya kai a sunkuye. Na ce wa Mushe Yohanna, yaro ya yi maganar uwarsa a rataya masa ƙashi? Ya ce shi ma ba ya so, amma jarrabawar gwamnati da Faransanci ake yi, kuma shi ma da ƙashin ya koya. Ban gamsu ba, shi ma na ga bai gamsu da amsarsa ba.

Na tambaye shi ko ba su da bulala ne sam.

"Akwai. Tana ohis. Amma muna da doka: ba a hukunta yaro ranar da ya yi laihi. Sai malami ya kwana, ya yi addu'a, hushinshi ya sauka. In gari ya waye yana ganin har yanzu a buga, to ya zo ya gaya mani dalili. Yawanci kahin sahiya sun samo abin da ya hi bulala."

Sannan ya nuna mini lambu ya ce Sabi'u yana can. Tun da abin ya faru aka raba shi da aji, shi kaɗai yake ci, shi kaɗai yake aiki.

Na same shi yana ban ruwan albasa. Ya yi tsawo, fuskar Hajara sak. Ya durƙusa ya gaishe ni. Ban amsa ba sai da na ɗaga rigarsa na duba bayansa. Ba ko tabo.

"Ba su taɓa ni ba, Kawu," in ji shi. "Da ma sun buge ni na huta. Kowa sai ya gaishe ni lahiya lau ya wuce."

Na tambaye shi abin da ya faru, ya sunkuyar da kai ya ce zai faɗa a wurin shari'a.

Da rana na ci abinci tare da sauran ɗaliban, dambun gero da ɗan mai. Ba wanda ya sa hannu sai da aka yi addu'a, kuma malamai daga tukunya guda suke ci da yara.

Da la'asar aka taru a babban ɗakin da suke ibada. Ban taɓa shiga irin wurin ba. Da na isa ƙofa na cire takalmana na ajiye, na shiga da hulata. Sai na ga kowa da takalminsa a ƙafa, hularsa a hannu. Na rasa wanne zan gyara. Na cire hular, na ji kaina tsirara, na mayar. Wani ƙaramin yaro ya fashe da dariya, babban da ke kula da shi ya dafa masa kafaɗa, ya yi gum. Mushe Yohanna ya ce, "Bar hularka, Malam. Ka girmama wurin ga irin yadda ka iya."

Aka zaunar da ni a benci na gaba, kusa da wani ƙaton mutum baƙi mai faɗin kafaɗa. Shi ne Fasto Barnaba, uban yaron da aka karya. Ya miƙo hannu muka gaisa, fuskarsa ba fara'a. Aka fito da yaran biyu: Sabi'u, da Iliya ɗan faston, hannunsa na dama ɗaure da karare, rataye a wuya.

Mushe Yohanna ya ce, "Kun san ƙa'ida. Kowa abin da shi ya yi za ya faɗi. Kar in ji abin da aka yi maka. Sabi'u."

Sabi'u ya ce, "Muna lambu, na ɗauki ƙotar fartanya na bugi Iliya a hannu. Na san za ta ji mashi. Na so ta ji mashi."

Na ji kamar in nutse. Na yi tsammanin zai kawo uzuri, ko ya ce tsautsayi ne.

"Iliya."

"Na yi mashi wasa."

"Wane irin wasa?"

Yaron ya yi shiru. Aka jira. Ba wanda ya daka masa tsawa, ba wanda ya yi tari. Shirun ya yi tsawo har ni da ba ni aka tambaya ba na fara gumi. Sai Fasto Barnaba ya yi magana daga inda yake zaune.

"Iliya, nuna mana."

Yaron ya fara hawaye. Ya ɗaga hannunsa na hagu, ya dunƙule yatsun ya mayar da su kamar dungu, ya kwaikwayi mai ɗiban tuwo da cokali yana kai wa baki yana zubarwa. Ya ce akwai waƙar da ya ƙirƙira da sunan baban Sabi'u, kuma ya daɗe yana yi, duk lokacin da aka zauna cin abinci.

Na tuna cokalin Illo na daren jiya. Ban san lokacin da na dunƙule hannuna ba.

Mushe Yohanna ya ce dokar makaranta a fili take: wanda ya ɗauki makami ya ji wa ɗan'uwansa, korarsa ake yi. Na gyara zama zan tashi in fara ba da haƙuri, sai Fasto Barnaba ya riga ni miƙewa.

"Mushe, in ka kori wanga yaro, ka haɗa da nawa. Ni na je unguwar su Malam Illo na yi wa'azi, na ci abinci da mutanen ga, ashe a cikin gidana ake yi masu waƙa ban sani ba. Hannun Iliya za ya warke. Abin da ya yi ma yaron ga ban san ranar warkewarshi ba."

Bai zauna ba sai wani matashin malami, wanda ke kula da ɗakin cin abinci, ya fito gaba. A gaban ɗalibansa duka ya ce ya taɓa jin waƙar, ya ɗauka shirmen yara ne, bai hana ba. Ya juya ya fuskanci Sabi'u ya ce, "Na yi maka laihi. Ka yahe mani."

Malami! Ga yaro! Ni dai tun da uwata ta haife ni ban taɓa gani ba.

Malaman suka fita suka yi shawara, suka dawo. Mushe Yohanna ya faɗi hukunci da muryar nan tasa da sai ka kasa kunne. Ba za a kori Sabi'u ba, amma ba don laifinsa ƙarami ne ba. Tunda ya hana Iliya amfani da hannun dama, shi zai zama hannun damansa har ranar da za a kwance karan: ya rubuta masa darasi, ya wanke masa kaya, ya ɗebo masa ruwa, ya ɗaura masa abin da ba ya iya ɗaurawa, su ci a kwano guda. Kuma an karɓe ƙaramin ɗalibin da ke hannunsa an ba wani, don wanda bai riƙe fushinsa ba ba a ba shi riƙon mutum. Duk abin da aka yi Sabi'u bai yi kuka ba sai a nan. Shi kuma Iliya, gobe zai je har gida ya faɗa wa Malam Illo abin da ya yi da bakinsa, kuma in hannunsa ya warke, duk Asabar zai je unguwar ya yi wa tsofaffinta wanki da ɗiban ruwa har ƙarshen shekara. Malamin ɗakin cin abincin ma ya ce tare za su riƙa zuwa.

Sannan Mushe Yohanna ya juyo gare ni. "Malam, mun ji kana son tahiya da shi. Kai da ubanshi ke da iko. In kun ɗauke shi ba mu riƙe ku da komi."

Na kwana a ɗakin baƙinsu, gado na ƙarfe da gidan sauro. Da safe muka tafi unguwar su Illo: ni, da faston, da yaran biyu. Da Illo ya hango mu ya tashi zai shige ɗaki, na kira shi. Ya tsaya, hannaye cikin riga. Iliya ya durƙusa a gabansa ya faɗi komai, har waƙar. Maƙwabta sun fito sun yi cirko-cirko.

Illo ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "To ai gaskiya ka faɗi, yaro. Haka nike ci, kuma ina zubarwa." Ya yi ɗan murmushi. "Tashi. Allah ya ba ka lahiya."

Iliya bai tashi ba. Ya miƙa hannunsa na hagu sama yana jira. Illo ya dube ni, ya dubi faston. A hankali ya zaro hannunsa daga cikin riga, a gaban kowa, ya ba yaron. Yaron ya riƙe shi gam. Fasto Barnaba, ƙaton mutumin nan, ya juya baya yana share fuska da hularsa.

Da za mu rabu na ja Illo gefe na tambaye shi maganar tafiya. Ya ce in tambayi yaron. Na kira Sabi'u, na ba shi yadin kakin da na kawo, na ce masa ga hanya a buɗe. Jibiya akwai makaranta, ga lantarki na zuwa, akwai shago, ba mai yi masa waƙa, ba mai sa shi wankin wani. Ya je ya haɗa kayansa mu bi motar azahar.

Ya daɗe yana murza yadin a hannunsa. Ya waiwaya ya dubi Iliya, wanda ke tsaye can gefe yana fama da igiyar wandonsa da hannu guda, ta kwance tana neman ba shi kunya a gaban mutane.

"Kawu," in ji shi, "in na tahi, wa za ya rubuta mashi?"

Bai jira amsata ba. Ya saƙale yadin a hammata, ya je ya tsuguna a gaban yaron da ya yi wa ubansa waƙa, ya ɗaure masa igiyar, ya ja ta ya ga ta kamu. Suka kama hanyar makaranta tare, ba mai yi wa wani magana.

Ni kaɗai na hau motar azahar.